Yadda ake auna yawan furotin a ɗakin gwaje-gwaje da hanyar Bradford

Duk lokacin da furojet ya kankama, tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga ɗaliban Bayokemistiri da Maikurobayoloji da na sashen Noma: "Malam, an ce in auna furotin ɗin da ke cikin ruwan da na tatso, ta ina zan fara?" Wasu kuma sun riga sun yi, sai giraf ya ƙi miƙewa, ko lissafi ya nuna musu giram ɗaya na garin wake ya ƙunshi furotin fiye da giram ɗaya. Shi ya sa na ga gara in zauna in jera aikin daga farko har ƙarshe yadda ake yin sa a kan benci.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne na'ura ba ta san furotin ba. Launi kawai take gani: a hanyar Bradford ana zuba wa samfuri wani ruwan rini da ke kama furotin ya juye shuɗi, gwargwadon yawan furotin gwargwadon ƙarfin shuɗin. Kai ne za ka haɗa ruwan furotin da ka san yawansa, ka ga irin shuɗin da ya bayar, sannan ka gwada shuɗin samfurinka da shi. Wannan ruwan da ka sani shi ne mudunka, in ya lotse duk abin da ka auna da shi ya tashi a banza. Saboda haka ma'auni, wato ruwan da ka san yawansa, da samfuri dole su sha ruwan rini ɗaya, a rana ɗaya, cikin bafa ɗaya (ruwan sinadari da ke riƙe pH kada ya canza), su jira mintuna iri ɗaya. Kusan duk gargaɗin da ke ƙasa daga nan ya fito.

1. Duba ko Bradford ce ta dace da aikinka

Hanyar Bradford, wadda Marion Bradford ya wallafa a 1976, ta dace da ruwa mai ɗan furotin kaɗan, tsakanin 0.1 zuwa 1 mg a kowane mL: ruwan ganye ko na iri da aka niƙa, ruwan da ƙwayoyin bakteriya suka girma a ciki, ko enzayim da ake tacewa mataki-mataki. Tana da sauri, ba ta son dumama, kuma DTT da makaptoyitanol, sinadaran da akan sa a bafa don kare furotin, ba sa dame ta.

Amma in abin da aka ce ka kawo shi ne jimillar furotin da ke cikin abinci, irin teburin nan na danshi da toka da mai da furotin, to Kjeldahl ake nufi, inda ake auna naitirojin a ninka da 6.25. Bradford furotin da ya narke ya shiga ruwa kaɗai take gani, ba ta ganin wanda ya rage cikin dusa. In jini ne, ruwan jinin mutum yana da furotin kamar 60 zuwa 80 mg a kowane mL, hanyar Biuret a 540 nm (nm awon tsawon zangon hasken da ake saita na'ura a kai ne) ta fi sauƙi a nan. In kuma bafarka tana da sabulun lab irin SDS ko Triton X-100 da yawa, nemi hanyar BCA da ake karantawa a 562 nm.

Gargaɗi: ka tambayi malamin da ke duba aikinka wace hanya yake so kafin ka kashe ko sisi. Hanyoyin nan ba sa ba da lamba ɗaya a kan samfuri ɗaya, kuma ba a fara aiki da wata a ƙarasa da wata.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Za ka buƙaci garin rini mai suna Coomassie Brilliant Blue G-250, da itanol 95%, da asid ɗin fosforik 85%, da garin BSA, wato albumin na jinin shanu. Sai ruwan distil, takardar tacewa Whatman lamba 1, mazurari, kwalbar awo mai dogon wuya ta lita 1 da ta 10 mL, kwalba mai duhu ta ajiya, kwalaben gwaji masu tsabta da abin jera su, maikurofifet, wato abin ɗibar ruwa ɗan kaɗan, na 10 zuwa 100 µL da na 100 zuwa 1000 µL (1000 µL shi ne 1 mL) da bakunansu, kubet, wato 'yar kwalbar da ake sakawa cikin na'ura a karanta launi, na roba ko na gilashi, sikeli mai karanta lamba huɗu bayan ɗigo, santirifuj mai juya ruwa da gudu har gurɓi ya kwanta, ƙanƙara a kula, da na'urar sifektirofotomita mai auna ƙarfin launi da ke kaiwa 595 nm. Ba sai mai hasken UV ba. Safar hannu da tabarau da rigar lab ba a maganar barin su.

Gargaɗi: karanta jikin kwalbar rinin da idonka. Akwai G-250, akwai R-250. Na biyun na rina jel ne bayan ilektirofaresis, ba ya yin wannan aiki. Sunayen sun yi kama, kuma mai sayarwa yana iya miƙo maka wanda ke hannunsa.

Batun kuɗi, farashin sinadarai yana bin dala, don haka a nemi farashi wurin dillalai biyu ko uku a makon da za a saya. Amma ga lissafin da ba ya canzawa. Rini 100 mg ke yin lita guda, ke nan ƙaramar kwalba mai giram 5 za ta yi lita 50. Lita guda tana isar kwalaben gwaji 200 in kana zuba 5 mL, ko 1000 in kana zuba 1 mL. BSA ita ce mai tsada a kan kowane giram, amma 100 mg ta ishe ka furojet gaba ɗaya. A ganina babu dalilin da ɗalibi ɗaya zai sayi waɗannan shi kaɗai. Ku haɗu ku biyar ko goma ku yi karo-karo, kuma kafin nan ku fara tambayar masu kula da lab, sau da yawa akwai ragowar rini ko asid a sito. Haɗaɗɗen ruwan Bradford na kamfani yana da kyau kuma yana rage wahala, sai dai ya fi wanda za ka haɗa da kanka tsada nesa ba kusa ba. In shi ka saya, bi takardar da ta zo da shi wajen yawan abin da za a zuba, don wani sai an sirka shi kafin a yi amfani da shi.

Inda bai kamata a yi tsimi ba shi ne bakunan fifet da ruwan distil.

Kafin ranar aiki, gwada fifet ɗinka. Ɗora ƙaramin kofi a sikeli, mayar da shi sifili, zuba 1000 µL na ruwan distil. Ya kamata ka ga kusan giram 1.00. Yi haka sau biyar, sannan ka gwada 100 µL, wanda zai ba da kusan 0.100. In lambobin suna tsalle ko sun yi nisa da haka, canza fifet. Fifet ɗin da ɗalibai da yawa suka yi ta murɗawa yakan kauce ba tare da kowa ya lura ba.

3. Haɗa ruwan Bradford

Yi wannan kwana ɗaya kafin ranar awo.

Auna rini 100 mg ka narkar da shi cikin itanol 50 mL. Yi ta juyawa har sai ka ɗaga kofin a haske ba ka ga ƙwayar gari ko ɗaya a ƙasa ba. Sannan ka zuba asid ɗin fosforik 100 mL a hankali kana juyawa. Asid ɗin yana da kauri, yana bin jikin silinda, ka ba shi lokaci ya gama sauka. Zuba ruwan distil kamar 600 mL a kwalbar lita, juye haɗin a kansa, ɗauraye kofin da ɗan ruwa ka ƙara, sannan ka cika zuwa layin lita 1. Tace da takardar Whatman zuwa cikin kwalba mai duhu, rubuta suna da kwanan wata, sa a firji.

Gargaɗi: asid ake zubawa a kan ruwa, ba ruwa a kan asid ba. Kada ka ja shi da baki ta fifet ɗin gilashi, ko da ka ga wani yana yi. In ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 15 a kuma sanar da mai kula da lab.

Yanzu dubi launinsa. Ruwan Bradford mai kyau ruwan ƙasa ne mai ɗan ja-ja. In ya fito shuɗi tun ba a sa masa furotin ba, akwai matsala: ko kwalbar tana da ragowar sabulu ko furotin, ko asid ɗin bai kai ƙarfinsa ba, ko ba G-250 ba ne. Kada ka ci gaba da shi. Gwaji mai sauƙi: ɗiga ɗan ruwan BSA cikin 1 mL nasa, nan take ya kamata ya juye shuɗi.

Yana yin makonni a firji, amma rinin yakan dunƙule ya kwanta. Duk ranar da za ka yi aiki, tace iya abin da kake buƙata, ka bar shi a kan benci ya huce daga sanyin firji kafin ka zuba.

4. Haɗa ruwan ma'auni na BSA

A nan ake samun nasara ko a rasa ta, don haka kada ka yi gaggawa.

Abin da ake so shi ne ruwan BSA mai 1 mg a kowane mL. Da yawa sukan auna 10 mg su narkar a 10 mL. Lissafin daidai ne, amma auna 10 mg a sikelin da fanka ke kaɗawa a kansa ba abin dogaro ba ne, kuskuren 1 mg kaɗai ya zama kashi 10 cikin 100. Gara ka auna 100 mg, ka narkar a kwalbar awo ta 10 mL, ka sami 10 mg a kowane mL. Daga nan ɗebi 1 mL ka cika shi zuwa 10 mL da bafar da samfurinka ke ciki. Kashe fanka, rufe ƙofofin sikeli, jira lamba ta tsaya.

Wajen narkarwa, zuba garin a kan ruwan ka bar shi ya jiƙa da kansa, sannan ka juya kwalbar a hankali. Kada ka girgiza. BSA tana kumfa sosai, kumfar tana hana ka ganin layin awo, kuma tana ɓata furotin ɗin.

Gargaɗi: garin BSA yana shan danshi. In ka fito da kwalbar daga firji, bar ta a rufe har ta huce kafin ka buɗe, musamman da damina. In ka buɗe ta da sanyinta, raɓa za ta sauka a kan garin, gobe ruwa za ka riƙa aunawa tare da furotin.

In lab ɗinku yana da na'ura mai UV da kubet na kwaz, wanda hasken UV ke ratsawa, tabbatar da haɗinka: BSA mai 1 mg a kowane mL tana karanta kusan 0.66 a 280 nm cikin kubet mai faɗin santimita 1. Ragowar ruwan ka raba shi ƙananan robobi, 1 mL kowace, ka sa a firiza. Kowace rana ka narkar da ɗaya. Wanda aka daskarar aka narkar sau da yawa, ko wanda ya kwana a firizar da wuta ta yanke mata har ya narke ya yi ɗumi, a zubar da shi a sake sabo.

Wasu sukan ce a yi amfani da farin ƙwai ko garin madara in babu BSA. Ban goyi bayan haka ba a aikin da za a rubuta a kare shi gaban malamai, domin ba ka san ainihin yawan furotin da ke ciki ba, kuma kowane furotin da irin ƙarfin shuɗin da yake bayarwa.

5. Shirya samfuri

Mu ɗauki garin wake a matsayin misali. Auna giram 1, zuba bafar fosfet 0.1 M mai pH 7 har 20 mL, niƙa a turmin lab da aka sanyaya, bar shi cikin ƙanƙara kana juyawa lokaci-lokaci kamar minti 30 zuwa awa guda. Juya a santirifuj a 10,000 g na minti 15, ka tsiyaye ruwan sama a hankali ba tare da ka tayar da abin da ya kwanta ba. In ƙaramin santirifuj na kan benci kawai gare ku, ƙara lokaci, sannan ka tace. Dole ruwan ya fito garau. Ruwa mai gurɓi yana tare haske, na'ura kuma za ta lissafa gurɓin a matsayin furotin.

Gargaɗi: daidaita nauyin robobin da ke fuskantar juna a santirifuj kafin ka kunna. Kuma rpm, wato yawan juyi a minti, daban, g, wato ƙarfin juyin, daban, rubuta wanda na'urarku ta nuna, kada ka kwafi lambar wani ka canza mata suna.

Zafin garuruwanmu ba ya raga wa furotin. A watan Maris ko Afrilu, ruwan da aka tatso aka bari a kan benci awa biyu ko uku ya fara lalacewa, don enzayim masu cin furotin suna cikinsa suna aiki. Daga turmi har lokacin zubawa, samfuri yana cikin ƙanƙara.

Tun da ba ka san yawan furotin ɗin ba, sirka shi hawa-hawa: kashi 1 cikin 10, 1 cikin 20, 1 cikin 50. Kashi 1 cikin 10 shi ne 100 µL na samfuri da 900 µL na bafa. 1 cikin 20 shi ne 50 da 950. 1 cikin 50 shi ne 20 da 980.

Gargaɗi: 1 cikin 20 na nufin jimilla 20, wato kashi 1 na samfuri da 19 na bafa. Wanda ya zuba 1 a kan 20 ya yi 21, kuma in ya ninka da 20 a lissafi ya yi kuskure tun daga nan.

Yi ɗan gwajin ido kafin babban aiki. Ɗiba 20 µL daga kowane sirki ka zuba a 1 mL na ruwan Bradford, ka ajiye kusa da na BSA mafi ƙarfi. Wanda ya fi BSA shuɗi ya yi ƙarfi, wanda bai canza launi ba ya yi ruwa. Zaɓi biyu da suka faɗo tsakiya. Wannan minti biyar ɗin yana cece ka daga ɓarnar ruwa da yini guda.

In ganye kake aiki da shi, ko jar dawa mai tanin da yawa, ruwan zai zo da nasa launi, sinadaran fenol kuma suna kama furotin. Sa ɗan garin PVPP lokacin niƙa yana taimakawa. In launin ya yi yawa ko akwai sabulu a bafar, kwantar da furotin ɗin da asiton mai sanyi: kashi 4 na asiton a kan kashi 1 na samfuri, awa guda a firiza, a juya a santirifuj, a zubar da ruwan, a bar abin da ya kwanta ya sha iska kaɗan, a narkar da shi cikin bafa mai tsabta.

6. Jera kwalabe

Rubuta lamba a jikin kowace kwalba kafin ka zuba komai. Ga jerin ma'auni, kowane layi kwalba uku:

Kwalba 0: BSA babu, bafa 100 µL. Wannan ce bilank, wato kwalbar da babu furotin da za a saita sifili da ita.
Kwalba 1: BSA 10 µL, bafa 90 µL, furotin 10 µg (1000 µg shi ne 1 mg).
Kwalba 2: BSA 20 µL, bafa 80 µL, furotin 20 µg.
Kwalba 3: BSA 40 µL, bafa 60 µL, furotin 40 µg.
Kwalba 4: BSA 60 µL, bafa 40 µL, furotin 60 µg.
Kwalba 5: BSA 80 µL, bafa 20 µL, furotin 80 µg.
Kwalba 6: BSA 100 µL, bafa babu, furotin 100 µg.

Kowane sirki na samfuri shi ma kwalba uku, 100 µL a kowace. Ma'auni kaɗai zai ci kwalba 21 da ruwan Bradford 105 mL, sai ka lissafa na samfura ka tabbatar abin da ka tace zai isa.

Wajen ɗiba, danna kan fifet zuwa tsayawar farko, tsoma bakin kaɗan cikin ruwan, saki a hankali. Wajen zubawa, jingina bakin a jikin kwalbar can ƙasa, danna har tsayawa ta biyu. Ɗaga bakin a haske ka duba: in akwai kumfar iska a ciki, mayar ka sake. Ɗigon 10 µL ƙarami ne ƙwarai, in ya maƙale a saman kwalba ruwan Bradford bai same shi ba, kwalbar ta tashi kamar bilank. Sabon baki ga kowane ruwa.

Gargaɗi: bilank da ma'auni su kasance cikin bafar da samfuri ke ciki. BSA a ruwan distil, samfuri kuma a bafa mai gishiri ko Tris, ba a gwada su da juna.

Gargaɗi na biyu: kwalbar da aka wanke da omo ba a ɗauraye sosai ba tana juya ruwan Bradford shuɗi ko babu furotin. A ɗauraye da ruwan famfo sau da yawa, a bi da ruwan distil, a kife su bushe. Da hunturu a rufe su, ƙura tana shiga ko'ina.

In ruwan Bradford ɗinka kaɗan ne, rage komai kashi biyar: 20 µL na samfuri ko ma'auni da 1 mL na ruwan. A nan sai ka fara haɗa ma'aunan a robobi daban, 0.1 zuwa 1 mg a kowane mL, ka riƙa ɗibar 20 µL daga kowanne. Amma ka tabbatar kana da siririn kubet mai ɗaukar 1 mL. Babban kubet yana son kamar 3 mL, in ruwan bai kai inda haske ke ratsawa ba, karatun shirme ne.

7. Kunna na'ura, sannan ka zuba ruwa

Tsarin nan da gangan ne. Kunna sifektirofotomita, saita 595 nm, bar ta ta yi ɗumi minti 15 zuwa 30. Tambayi mai kula da lab ko wutar da ake kai za ta kai awa guda, ko akwai janareta ko inbata. Sai ka tabbatar da wannan za ka taɓa ruwan Bradford, domin da zarar ka zuba, agogo ya fara.

Zuba 5 mL a kowace kwalba bi da bi, daga bilank zuwa ta ƙarshe, da tazara iri ɗaya, misali daƙiƙa 20 tsakanin kowace. Gauraya kowace nan take, ko da na'urar girgiza a hankali ko ka rufe bakin da parafim, ledar lab ta rufe kwalba, ka kifa sau biyu ko uku. Kada ka toshe da yatsa, fatar hannu ma furotin ce. Kada ka bari ta yi kumfa.

Launin yana fitowa cikin minti 2. Lokacin da ya fi tsayawa daram shi ne tsakanin minti 5 da 20 bayan zubawa, kuma kada a wuce awa guda. In kwalabenka sun fi abin da za ka iya karantawa cikin wannan lokaci, raba su rukuni-rukuni.

Tun kafin na'ura, idonka zai gaya maka gaskiya. Jera ma'aunan a gaban farar takarda. Ya kamata ka ga launi yana hawa daga ruwan ƙasa, ya bi ta toka-toka mai ɗan kore, ya kai shuɗi sosai a kwalba ta 6. In kwalba ta 4 ta fi ta 5 duhu, ka san an yi kuskuren fifet.

8. Karatu

Zuba bilank a kubet, goge gefuna biyu masu santsi da tishu mai laushi, riƙe shi ta gefuna masu kaushi, saka shi yadda haske zai ratsa ta gefen santsi. Rufe murfi, danna sifili. Karanta sauran bilank biyun, ya kamata su tsaya kusa da 0.000.

Gargaɗi: ba a saita sifili da ruwan distil. Ruwan Bradford da kansa yana shan haske a 595 nm, in ka saita da ruwa duk lambobinka za su hau.

Karanta da tsarin da ka zuba, daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, kubet ɗaya, fuska ɗaya kullum. Tsakanin kwalba da kwalba, tsiyaye kubet sosai a kan tishu, ka ɗauraye shi da ɗan ruwan da za ka karanta na gaba. Bayan ma'auni mafi ƙarfi, wanke kubet da itanol da ruwan distil kafin ka shiga samfura, sannan ka mayar da bilank ka ga ko sifili na nan. Ƙyasta jikin kubet in ka ga ƙananan kumfa sun manne.

Gargaɗi: kada ka sa ruwan Bradford a kubet na kwaz. Rinin yana kama jikinsa sosai, ga shi da tsada. Na roba ko na gilashi ya wadatar. Kuma kada ka wanke na roba da asiton, zai yi fari ya lalace.

In wuta ta ɗauke a tsakiya, idan ta dawo sai na'ura ta sake ɗumi, ka sake sifili, ka sake karanta ma'auni tare da samfuran da suka rage. In an wuce awa guda da zubawa, ko ka ga ɗigo-ɗigon shuɗi suna yawo a kwalaben, rinin da furotin sun fara dunƙulewa. Haƙuri za ka yi ka sake daga mataki na 6.

Rubuta kowace lamba a littafi da biro a lokacin, har wadda ba ta yi maka daɗi ba.

9. Giraf da lissafi

Fitar da matsakaicin kowane uku. In ɗaya ta yi nisa da 'yan'uwanta fiye da kashi 10 cikin 100, sake wannan kwalbar, kada ka goge ta a ɓoye. A Excel, sa µg na BSA a layin kwance, karatun na'ura a layin tsaye, zaɓi giraf mai ɗigo-ɗigo, ɗora miƙaƙƙen layi, ka ce ya nuna lissafin layin da R², lambar da ke nuna yadda ɗigon suka bi layin. Ana son R² ya kai 0.98 ko sama.

Dubi ɗigon da idonka, kada ka tsaya ga R² kaɗai. Layin Bradford yakan lanƙwasa a sama, wajen 80 zuwa 100 µg, domin rinin da ya rage bai kama furotin ba yana ƙarewa. Wannan halinsa ne, ba laifinka ba. In ka ga haka, ja layin a kan ɓangaren da ya miƙe kawai, ka yi amfani da samfuran da suka faɗo cikinsa.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don koyarwa, kada kowa ya kwafe su. A ce layinka ya ba da y = 0.0092x + 0.021, inda y karatun na'ura ne, x kuma µg na furotin, sirkin 1 cikin 20 kuma ya karanta 0.431 da 0.438 da 0.436. Matsakaici 0.435. Cire 0.021, saura 0.414. Raba da 0.0092, ka sami 45 µg. Wannan a cikin 0.1 mL yake, ke nan 450 µg, wato 0.45 mg, a kowane mL na sirkin. Ninka da 20 saboda sirki: 9 mg a kowane mL na ainihin ruwan da ka tatso. Ninka da 20 mL na bafar da ka niƙa da ita: 180 mg daga giram 1 na gari.

Wurare uku ake faɗuwa a nan: manta raba wa da 0.1 mL, manta ninkin sirki, da haɗa µg da mg. Bi raka'o'in a rubuce layi-layi. Sannan ka tambayi kanka ko amsar ta shiga hankali. Busasshen wake furotin ɗinsa bai fi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ba, in lissafinka ya ba da 900 mg a giram, koma ka duba.

Gargaɗi: samfurin da karatunsa ya wuce na ma'auni mafi ƙarfi, ko ya gaza na mafi rauni, ba a lissafa shi da tsawaita layi. A ƙara sirki ko a rage, a sake. Kuma giraf na yau na yau ne. Ba a aron na aboki, ba a ɗauko na makon jiya, ko da ruwan Bradford ɗaya ne.

Yanzu amfanin sirki biyu zai fito. In 1 cikin 20 ya ba ka 9 mg, 1 cikin 50 ma ya kamata ya ba da kusan haka bayan ninki. In sun yi hannun riga, akwai abin da ke cikin samfurin da ke dame awon, ko mai ƙarfin ya faɗa inda layi ya lanƙwasa. Wanda aka fi sirkawa, muddin yana cikin layi, ya fi zama abin yarda.

10. In abu ya ƙi

Duk kwalabe sun yi shuɗi har bilank: sabulu a kwalabe, ko bafa mai alkali da yawa, ko ruwan Bradford ya lalace. Gwada ruwan shi kaɗai a sabuwar roba don ka gane wanne ne.

Ma'auni bai yi launi sosai ba: BSA ta tsufa, ko an yi kuskuren sirka ta, ko ruwan yana da sanyin firji, ko na'ura ba a 595 take ba.

Ma'auni ya yi kyau amma samfuri shiru: ko ka sirka da yawa, ko furotin bai fito daga garin ba, ko irin wanda Bradford ba ta gani sosai ne. Rinin ya fi kama furotin mai arjinin da yawa. Jelatin da ƙananan gutsattsarin furotin, irin waɗanda enzayim ya riga ya daddatsa, kusan ba sa ba da launi. Mai aiki da irin waɗannan ya koma BCA ko Lowry.

Ukun da ya kamata su yi daidai suna ta bambanta: fifet ne ko hannu, ko ba a gauraya da kyau ba. Koma gwajin sikeli na mataki na 2.

11. Wanki da abin da za ka rubuta a rahoto

Ruwan da aka gama da shi asid ne, tara shi a kwalbar sharar sinadarai yadda dokar lab ɗinku ta ce. Ɗauraye kwalabe da kubet na gilashi da itanol tun shuɗin bai bushe ba, a bi da ruwa.

A babin hanyar aiki, rubuta nauyin samfuri, irin bafa da pH ɗinta da yawanta, gudun santirifuj da lokacinsa, ninkin sirki, yawan samfuri da na ruwan Bradford a kowace kwalba, mintunan jira, 595 nm, sunan na'urar, da sau nawa aka maimaita. Sa giraf ɗin ma'auni da lissafin layinsa a rataye. A teburin sakamako ka ce furotin mai narkewa ne, an auna shi da ma'aunin BSA, domin BSA tana ba da shuɗi fiye da furotin da yawa, mai karatu yana buƙatar sanin da me aka gwada. In enzayim kake tacewa, ajiye ɗan ruwa daga kowane mataki a firiza ka auna su duka rana ɗaya da giraf ɗaya, sannan ka raba ƙarfin enzayim na kowane mataki da mg na furotin ɗinsa.